Kwaɗon Da Gwani Ya Cire

Akwai wani injiniyan kwamfuta da abokan aikinsa ke kira Gwani, kuma wallahi sunan ya shiga kansa. Shi ke rubuta manhajar da ke tsara layi a bakin faifan ajiya: wane bayani za a fara rubutawa, wane zai jira.

Aikin yana da ƙa'ida. Duk saƙon da zai taɓa layin sai ya datse kwaɗo, in ya gama ya buɗe wa na baya, kamar dai ƙofar banɗaki. Gwani ya ga jiran nan ɓata lokaci ne, sai ya cire kwaɗon a wuri ɗaya.

Anti, dattijuwar da ke duba aikin kowa a ofishin, ta gyara tabarau ta ce, "Ƙanena, in saƙo biyu suka shigo lokaci guda fa? Wani zai rubuta a kan wani."

Ya kwashe da dariya. "Haba Anti, sau dubu na gwada. Tsoronki ya yi yawa."

"Sau dubu bai faru ba. Ni ranar da zai faru nake jiye maka."

Ta ƙi sa hannu. Don ya nuna mata iyakarta, sai ya ɗora manhajar a kwamfutarsa ta gida. A nan ya tara saƙonnin muryar marigayi babansu, sannan ya goge su daga wayar mahaifiyarsu Inna, don wayar ta cika. Babu su a ko'ina kuma.

Wata uku lafiya lau, har yana tsokanar Anti. Ranar wata Asabar da hantsi, saƙo biyu suka yi karo, faifan ya hargitse. Kwana huɗu yana tono, babu abin da ya tsira.

Ana haka Inna ta zo. Ta zauna a falo ta ce, "Kunna mini wanda babanku yake faɗan an bar ƙofa a buɗe. Ina kewar faɗan nan."

Gwani ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba.

Washegari ya mayar da kwaɗon. Ko minti ɗaya aikin bai ci ba.

Darasi: "Bai taɓa faruwa ba" ba hujja ba ce. In wanda ya riga ka ganin aiki ya ce ka dakata, ka saurara, don wata asarar ba ta da gyara. Ku tura wa wani gwanin da kuka sani.