Tukwanen da Suka Sha Hayaƙi

A wani ƙauye akwai wata mata maginiyar tukwane. Da sana'ar nan take ciyar da gidanta, gama mijinta ya faɗo daga bishiyar ɗorawa, bai ƙara iya zuwa gona ba. Mutane kuwa suka koma sayen roba, tukwanenta suna ta zama a rumfa.

Wata rana ta je birni duba ƙanwarta, ta ga wani maginin tukwane yana gashi irin wanda ba ta taɓa gani ba. Ta tsaya ta tambaye shi, ya nuna mata, har ya ba ta farin garin da ake damawa a shafa wa tukunya don ta yi ƙyalli.

Da ta komo gida ta gina ƙananan tukwane goma da yumɓun da ya rage mata. Ta gasa su, ta shafa musu garin, ta mayar da su wuta. Sa'ad da suka yi ja wur, ba ta bar su su huce ba kamar yadda ta saba. Ta ciro su da awartaki, ta jefa su cikin garwa cike da ƙaiƙayi, ta rufe. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, suna jin abu yana ƙara a ciki.

Mijin ya ce, "Uwar Rahila, kin ji? Abincinmu ne yake fashewa."



Da ta buɗe, uku sun farfashe, sauran sun yi baƙi ƙirin. Ta yi tagumi, ta ce, "Maigida, gaskiyarka. Juji zan kai su."

Ganin hawayenta, sai ya ce, "Miƙo mini ɗaya tukuna, da ruwa da yashi. Ƙafa ce ta ƙi, hannu yana nan."

Yana dirzawa, baƙin yana fita. Sai ga fari mai sheƙi, da siraran layuka baƙaƙe kamar jijiyoyin ganye, inda hayaƙi ya bi ta tsagin ƙyallin. Ya wanke bakwai ɗin duka, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Matar ta durƙusa, shi kuma ya tuɓe hula, suka yi wa Ubangiji godiya. Ranar kasuwa ba ta komo da ko ɗaya ba. Tun daga nan ita ke gashi, shi ke wankewa.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin. Wuta da hayaƙi su ne wahalar da muke sha. Wani a cikinku ya rasa aiki bana, wata ta yi watanni tana jinya. Ba duka ke fitowa lafiya ba, tukwane uku sun fashe da gaske, hasara ce kuwa. Amma sau da yawa mukan yanke hukunci a kan aikin Allah tun baƙin bai fita ba, mu kama hanyar juji. Ku dakata. Ku kuma gode wa Ubangiji saboda mutumin da ya sa kusa da ku, ko da rarrauna ne, wanda zai ce, "Miƙo mini ɗaya tukuna."