Bunsuru Wanzamin Shinge

Talatu, Ɗanlami, ku ajiye wayoyin nan ku saurara, ku kai wa jikokina.

An yi wata Bushiya mai yawan tambaya, tana zaune da 'ya'yanta uku a ƙarƙashin wani gajeren itacen shinge a lambun Malam Ɗantsoho. Ganyensa ƙanana kamar farce, kore shar rani da damina, tsayinsa bai wuce gwiwa ba. Wada ake ce masa. Shi ke ɓoye 'ya'yanta daga Shaho.

Maƙwabtanta biyu: Kunkuru mai natsuwa, da Bunsuru sarkin cika baki.

Wata safiya ta ce, "Kaka Kunkuru, na ji Malam ya ce zai yi wa Wada aski. Itace na da gashi ne?"

"Bakin ganyen kawai yake datsewa da almakashi, jikata, don ya cika ya yi tsaf. Wada ba ya saurin girma."

Bunsuru ya tuntsire da dariya. "Wannan tsakure-tsakuren ne aski? Ni ne wanzami! Haƙorana sun fi almakashinsa."

Bushiya ta ce, "In ka aske, ganyen ina za shi?"

"Cikin wanzami mana!"

"Gidana ne fa, mai wari! To tambaya ɗaya: me ya sa Malam ba ya ba tumakinsa ganyen da ya aske?"

"Rowa ce! Matsa, uwar ƙaya."

Ya kafa kai yana cin ganyen Wada. Ɗaci kamar maɗaci, amma ana kallonsa, sai ya yi ta haɗiya har gefe guda ya zama tsirara. Shaho ya fara shawagi. Bushiya ta kwashe 'ya'yanta da gudu zuwa gefen da ya rage.

Kafin azahar cikin Bunsuru ya murɗa, ƙafafu na rawa, baki na kumfa. Da ƙyar Malam ya ceto shi, ya ɗaure shi a turke.

Bushiya ta leƙo. "Wanzami, ka samo min amsar?"

Bunsuru ya yi nishi. "Ba rowa ba ce."

Sai da damina biyu ta wuce gefen nan ya rufe.

Darasin wannan labari shi ne, in ka ga mai abu yana bin abinsa a hankali, tambayi dalili kafin ka sa baki. Ɗanlami, ka ce adda za ka sa wa shingen lambuna a gama yau. Talatu ta ce almakashi. Shekara tara ina renonsa. Ku zauna ku sasanta, kafin nan kada wanda ya taɓa min ganye ɗaya.