Ranar da Kafinta Ya Ƙi Hawa Rufi

Akwai wani kafinta mai suna Pak Wongso a wata unguwa ta bayan fadar Solo, a tsibirin Jawa, zamanin da Turawan Holan ke mulki. Talaka ne futuk, amma idan ya ɗora maka rufi, ba za ka ga ɗigon ruwa a ɗakin ba, sai dai in kai ka yi kuka.

A unguwar kuma akwai Raden Subroto, jikan jikan wani sarki. Dukiyar gidansu ta ƙare tun zamanin babansa. An ce da safe yakan shafa man kwakwa a leɓe don a ɗauka nama ya ci. Abu ɗaya ya riƙe gam: kan talaka ba ya wuce nasa tsawo. In zai wuce, kowa ya tsuguna.

Wata rana Pak Wongso yana aiki a saman rufin wani maƙwabci, sai ga Raden tafe.

"Kai! Wane mara kunya ne ya ɗora ƙafafunsa sama da kaina?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Aiki nake."

"Sauko! Ɗan gidan uban wa ne kai?"

Ya sa shi ya sauko, ya tsuguna cikin taɓon kwata, ya haɗa tafin hannu a goshi, mata masu dawowa daga kasuwa suna kallo.

A gida matarsa Tukiyem ta ce, "Baban yara, sai ka yi shiru kamar an ɗinke maka baki?"

Ya ce, "Tsugunnawa ɗaya ta rage min a gaban mutumin nan. Bari damina ta zo."

Damina ta zo. Ruwan farko ya kwashe rabin rufin Raden. Ba shi da halin ɗaukar ma'aikata, sai ya aika a yi masa gayya kamar yadda aka saba: maƙwabta su yi aiki, mai gida ya ba su shinkafa da busasshen kifi.

Pak Wongso ya zo da mutum goma, da tsani, da tayil ɗin yumɓu. Suka shiga tsakar gida, suka tsuguna a jere, suka haɗa hannu a goshi. Ba wanda ya motsa. Can gabas hadari ya haɗu baƙi ƙirin.

Raden ya leƙo. "Me kuke jira? Ku hau mana!"

"Haba, ranka ya daɗe," in ji Pak Wongso. "Mu su wa? Mu ɗora ƙazaman ƙafafunmu sama da kan jikan sarki? Ai ka koya min hankali."

"To zan fita waje."

"Ko ka fita muna samanka. Sai dai ka hau bishiyar kwakwar can, ka zauna har mu gama. Mu riƙe maka tsani?"

Wani ya danne dariya har da tari. Aka yi tsawa. Daga ciki uwargidan Raden ta ɗaga murya: "Maigida, katifa ta jiƙe, shinkafa ta jiƙe! Ka bar su su hau, ko ka zo ka lulluɓe ni da sarautar taka!"

Raden ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Ya ce a hankali, "Ku hau."

"Ban ji ba, ranka ya daɗe. Mu na nan ƙasa magana ba ta iso mana da wuri."

"Na ce ku hau, Pak Wongso. Don Allah."

Kafinta ya miƙe tsaye. Ashe ya fi Raden tsawo da taƙi guda, shekara ashirin ba wanda ya sani.

"Madalla. Amma gayya ba ta da ɗan kallo. Mai gida ne ke miƙo tayil."

Haka jikan sarki ya naɗe zanensa irin na mazan Jawa, ya tsaya a gindin tsani yana miƙawa, ƙura na zubo masa daga tafin ƙafar mutum goma. Da aka gama, Pak Wongso ya ci shinkafarsa, ya yi sallama a tsaye, ya fita a tsaye.

Darasi: Asali ba ya tare ruwan sama. Wanda ka tilasta wa tsugunnawa yau, gobe shi za ka roƙa ya hau samanka ya rufa maka asiri. Kai kuma talaka, riƙe sana'arka da mutuncinka, rashi bai rage maka tsawo ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman mai shafa mai a leɓe.