Cokalin Baba Milutin

A birnin Nish, a wani dogon bene da sunan unguwarsa ya ɓace mini yanzu, an yi wani tsohon direban jirgin ƙasa, Baba Milutin. Shi ne shugaban mazauna benen. Ba mugu ba ne, sai dai girman kai. A ganinsa, abin kunya ba ya shiga gidan da yake shugabanta.

A saman ɗakinsa wani mutum Zoran yake zaune da 'yarsa Tiyana, mai shekara shida. Kusan kullum da yamma sai an ji kukanta. Bututun ɗumama ɗaki ya ratsa gidajen tun daga ƙasa har sama, sai Milutin ya ɗauki cokali ya ƙwanƙwasa bututun, yadda ake yi wa maƙwabci mai hayaniya. Nan take kukan ya ɗauke.

"Kin ji ko?" yakan ce wa matarsa Desanka. "Tsari ke nan."

Wata rana wata ƙungiya mai kare haƙƙin yara ta manna talla a ƙofar benen. Babu hoton yaro, kunne ne kawai manne da bango, sai lambar waya. An rubuta: "Ka ji. Sai ka yi me?"

Milutin ya tsaya gabanta har burodin da ya sayo ya huce. Ya hau sama yana huci.

"Da wa suke? Mu za a mayar 'yan iska?"

"Takarda ce fa, tsoho," in ji Desanka. "In ba ka tsargu ba, me ya hana ka shan miyarka?"

"Ubana da bel ya rene ni, ga ni na zama mutum."

"Mutum mai faɗa da takarda."

Ya sauka ya yage ta. Washegari ya gan ta a tashar bas, ya gan ta a jikin bas ɗin ma. Da ta fito a talabijin ya canza tasha. Tallar ta shige shi sarai, har ya daina cin abincin kirki. Amma in ya kira lambar, za a ce a benensa ne abin ya faru. Wani mutum dai sai haƙuri. Haka ya cinye lokacin sanyi da cokali a hannu.

Desanka ce ta gaji, ta je gidan ƙanwarta ta kira lambar. Ma'aikatan kula da yara suka zo, suka tarar hannun Tiyana ya karye ya ɗore a karkace. Ana saukowa da ita, Milutin ya tari ma'aikaciyar da ke riƙe da ita, ya gyara hula.

"Baiwar Allah, ni fa ban yi shiru ba. Kullum sai na buga musu bututu."

Tiyana ta ɗago ta dube shi.

"Ashe kai ne mai bugawa. In ka buga, Baba yakan ce na tara masa maƙwabta. Sai ya danna mini matashi a baki."

Darasin a nan a fili yake. Idan magana ta sosa maka rai har kana neman yage ta, to ta faɗi abin da kunnenka ya riga ya ji. Talla tana iya tayar maka da hankali, amma ba za ta ɗaga waya a madadinka ba. Kuma duk wanda ya fifita sunan gida a kan yaron da ke kuka a cikinsa, da hannunsa a dukan.