Yatsun Barmo Huɗu

Tun giwaye na shan ruwa a fadamar Maiyashi, wani maharbi mai suna Barmo ya bi sawun ɓauna kwana tara. Ta kai shi bakin wani tabki, ta shige ruwa, ba a sake ganinta ba. Ya leƙa, kifi ya hana shi ganin ƙasan ruwan. Nan ya rataye bakansa, ya kafa bukka. Barmo na Kande, mai hannu kamar akushi! An ce yatsansa ɗaya ya yi biyun na kowa.

Mutane suka biyo shi suka zauna, gida bakwai suka zama ɗari. Da bakuna suka yi yawa, sai masunta suka riƙa matse idon taru, har mata na tace 'ya'yan kifi da zane. A shekara ta ashirin aka ja taru tun hantsi har la'asar, abin da aka samu bai cika ƙwarya ba. Mutane suka fara ɗaure kaya, gari zai watse.

Barmo ya tsaga cikin wata tarwaɗa a gaban jama'a, ƙwai ya zubo.

Ya ce, "Ga abincin jikokinku, mun cinye shi tun bai ƙyanƙyashe ba. Na rufe tabkin nan damina biyu. Bayan nan, tarun da yatsuna huɗu ba su shiga idonsa ba, ba zai taɓa ruwa ba."

Nomau, babban masunci, ya ce, "To Baba, kafin nan me za mu ci? Yatsun naka?"

"In kifi bai dawo ba, ga gatari, ku sare su."

An sha wuya, ba ƙarya. Aka ci bado da ganye, tsoho ya sauke bakansa ya koma daji nemo nama. Ranar buɗe ruwa Nomau ya zo da taru, bai kuma manta gatarin ba. Aka jefa, aka ja, taru ya ƙi tasowa. Sai da ƙarti arba'in suka kama igiya, sannan giwan ruwa da tarwaɗa suka turnuƙe gaɓa, ƙanana na zubewa ta idon tarun suna komawa gida. Mata suka ɗauki guɗa, aka kwance kaya. Barmo ya zauna a ƙasa, ya yi hamdala, ya daɗe yana kallon hannunsa.

Har yau a Maiyashi akwai guntun icce da aka sassaƙa daidai faɗin yatsun nan, a kansa ake saƙa kowane taru. Masunta na ta mitar kaurin hannun tsohon, amma ba wanda ya taɓa kai wa iccen wuƙa.