Mai Daddawa da Iskar Kwarin Kanya

Dalilin da ya sa mai daddawa ba ta da wurin zama a kasuwarmu ta Kwarin Kanya, shi zan gaya muku. Ku zauna. Mai tambaya ya riƙe ta sai na gama.

Kun san yadda ake yi. Mai waina tana da rumfarta, mai ɗan wake tana da tata, mahauta suna nan inda kakanninsu suka bar su. Amma in an aike ku sayen daddawa, sai kun ɗebi ƙaiƙayi a wurin masu hatsi kun watsa sama, kun ga inda iska ta kai shi, sannan ku bi. Da ba haka abin yake ba.

A zamanin da, akwai wata mata ana ce da ita Marka. Ita kaɗai ke yin daddawa a ƙauyukan nan, don aikin da wuya. A dafa kalwa wuni guda, a surfa, a wanke a rafi, a sake dafawa, a rufe da ganye sai ta yi, a kirɓa, a shanya. Wurinta a kasuwa wani faffaɗan dutse ne a gindin kanya. Uwarta a kansa ta zauna, kakarta ma haka, har tsakiyar dutsen ya yi kwarmi.

Ran Laraba kasuwar ke ci, kamar yanzu. Ba shanu ke kawo mutane ba, ba tufafi ba. Abinci ne. Fatake kan ratse hanya don su ci tuwon dawa da miyar kuka a nan, ko waina da miyar taushe, su lashe hannu su wuce suna ba da labari. Kuma babu tukunyar miyar da daddawar Marka ba ta ciki.

Kusa da dutsen nan masu fura ke jera ƙorai. Babbarsu Tabawa ce, mace mai tsabta, mai saurin hawa. Wata Laraba wani falke ya sa ta dama masa fura. Ya kai ludayi baki sau ɗaya ya ajiye, ya tambaya ko a garin nan da daddawa ake dama fura. Mutane suka yi dariya. Ba komai ba ne, sabuwar daddawa Marka ta kawo, iska kuwa ta kwaso warin ta juye a kan ƙorai.

Tabawa ba ta tsaya wanke ludayin ba, ta nufi Sarkin Kasuwa. Sunansa Barmo. Mutum ne da ba ya iya zama. A tsaye yake cin abinci, a tafe yake yanke hukunci. Tana faɗa yana tafiya, kafin su kai layin masu gishiri har ya gama. Ya yi alkawari a gaban jama'a cewa warin daddawa ba zai sake taɓa fura ba muddin yana sarautar kasuwa. Ya ce Marka ta koma can baya, wajen turken jakai.

Marka ta dube shi ta ce, "Ranka ya daɗe, uwata ba ta zauna da jakai ba."

Ya ce ai ya riga ya faɗa. Ta rufe faifanta, ta ɗora a ka, ta tafi gida.

Laraba ta zagayo, dutse ba kowa. Masu tuwo suka yi miya da ɗan abin da ya rage musu. Ta gaba kuwa babu ko ɓarɓashi. Suka ƙara gishiri, suka ƙara barkono, wata har ta zuba ƙuli-ƙuli. Miya dai ta fito kamar ruwan wankin kuka. Fatake suka ci loma biyu suka tashi. Labari ya bi hanya, masu ratsowa suka daina ratsowa. Waina ta yi kwantai. Fura ma ta yi kwantai, don wanda bai zo cin tuwo ba ba zai tsaya shan fura ba.

Gidaje ma ba a zauna lafiya ba. Maza na ture akushi, mata na guna-guni. Ita kanta Tabawa, da mijinta ya dame ta, sai ta zagaya ta bayan gari ta yi sallama a gidan Marka, tana cewa ko ɗan guntu ne a taimaka mata.

Marka tana tsakar gida tana juya daddawa a rana, tabarma cike. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Haba Tabawa, in ba ki ki kai gida ta ɓata miki ƙorai? Ba na so in ɗauki alhakinki."

Tabawa ta koma hannu wofi.

Barmo kuwa ya rame. Shi ne kan gaba a cin miyar kuka duk kasuwa. Ya yi ta zagaya layuka yana ganin rumfuna na raguwa, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Ƙarshe ya ɗauki sandarsa ya tafi gidan Marka da kansa, da dattawa a bayansa. Aka shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba. Ya ce ta faɗi abin da take so.

Ta ce dutsen uwarta.

Ya ce wannan ne kaɗai ba zai iya ba, don dutsen na jikin masu fura, kuma ya yi alkawari jama'a na ji. Ya zagaya turmi, ya zagaya rumbu, sannan ya tsaya.

"Iya, na ba ki kasuwar duka. Ki zauna inda kika ga dama, gaba ko tsakiya, ba mai tayar da ke. Sharaɗi ɗaya. Duk inda iska ta nufa, ke ce a ƙarshenta, ta kwashi warin ta yi daji da shi."

Marka ta ga daga dutse ɗaya an ba ta kasuwa guda. Ta ce ta yarda, dattawa suka shaida.

Abin da ba ta tuna ba, kasuwarmu a kwari take, tsakanin duwatsu biyu. Iskar nan ba ta da alƙibla. Ran Laraba da safe ta taso daga gabas, Marka ta zauna yamma kusa da masu tukwane, mata suka yi mata caa. Ba ta sallami rabinsu ba sai ganyen kanya ya karkata. Daga can Tabawa ta ɗaga murya ta ce, "Yaya Marka, iska ta juya." Marka ta ɗauki faifai ta koma kudu, masu saye na biye da ita. Ta ajiye ke nan iska ta sake. Kafin la'asar ta zauna gaban mahauta, ta zauna bayan masu igiya, har wajen jakan da ta ƙi sai da ta je. Ƙafafunta suka kumbura.

Ta sami Barmo ta ce a warware alkawarin. Ya ce shi ma da zai iya warware nasa da ya warware, amma ita ta faɗa gaban dattawa, shi ma ya faɗa. Yana magana yana tafiya, hannunsa duk miyar kuka.

Haka aka ci gaba. Miya ta dawo daidai, fatake suka dawo, kasuwa ta cika. Marka kuwa kullum faifai a ka. In ta wuce gindin kanya sai ta kau da kai. Masu saye suka gaji da nemanta layi-layi, suka koyi watsa ƙaiƙayi.

Sai wata Laraba cikin bazara, ana zafi kamar gari zai kama wuta. Wata mata ta watsa ƙaiƙayi, ya faɗo mata a ƙafa. Ko ganye ba ya motsi. Aka duba gabas, aka duba yamma, ba Marka. Can aka hango ta a gindin kanya, zaune daram a kwarmin dutsen, ta miƙe ƙafa.

Tabawa ta ja Barmo ya zo ya gani. Marka ta ce, "Ranka ya daɗe, ka ce in bi iska. Nuna mini inda ta nufa in tashi."

Barmo ya watsa ƙaiƙayi da hannunsa, ya zubo masa a hula. Ya dubi Tabawa ya ce ta rufe ƙoranta da faifai. An ce ranar ce kaɗai aka taɓa ganin ya zauna a kasuwa, nan gefen dutsen, ya aika a kawo masa tuwo.

Ba a jima ba ganyen kanya ya motsa. Marka ta shafa dutsen, ta ɗauki faifanta.

Shi ya sa har yau mai daddawa a Kwarin Kanya ba ta da rumfa, jikokin Marka na nan suna bin iska da faifai a ka, ba kuma wanda ke ajiye kaya a kan dutsen nan. In kun watsa ƙaiƙayi ya tafi, ku bi shi. In ya faɗo muku a ƙafa, ku yi sauri ku je gindin kanya, don ba za ta daɗe a can ba.