Saniyar Gwangwani da Fanna Ta Share

Akwai wata mata a bayan Kasuwar Shanu mai suna Fanna, sarkin tsafta ce. Ko tsinke ta gani a tsakar gida sai ta bi shi da tsintsiya.

Surukinta, Baba Yunus, makiyayi ne a da. Tun da garkensa ya ƙare ɗansa ya dawo da shi gari, tsoho ya daina magana, abinci ma sai da lallashi. Kullum ramewa yake, abin yana damun Fanna ƙwarai.

Sai 'yarta Ihsan ta koyo aikin hannu a makaranta. Ta tara gwangwanayen madara, ta yi musu ƙafafu da tsinken tsire, ƙaho da tsohon silifa, wutsiya da zaren buhu, suka zama 'yan shanu, ta jera su gaban tabarmar kakanta.

Tsoho ya duba, ya duba, ya ce, "Ina tozonsu?"

Rabon da a ji muryarsa har an manta.

Aka liƙa tozo da murfin kwalba. Ya raɗa wa kowacce suna. Da safe shi da jikarsa su fito da su inuwa, da yamma su mayar cikin kwali. Tsoho ya koma cin tuwonsa.

Fanna dai tarkace take gani. Ran nan ta taka wata mai tsatsa, haushi ya kama ta, ta haɗa da shara. Suna da yawa, wa zai lura?

Da yamma ta kai masa abinci, ya ture kwanon a hankali.

"Baba, lafiya?"

"Hamra ba ta dawo ba, 'yata. Jar nan. Ni ban taɓa cin abinci da saniyata a waje ba."

Ashe tsatsar ce launinta. Fanna da ko ƙura ba ta so, ta ja mayafi ta nufi bola, ta tsuguna tana tono da hannu har ta samo ta, ƙaho ɗaya ya cire.

Tsoho ya karɓa, ya shafa bayanta. "Ta sha wuya a hanya. Wa ya koro ta gida?"

"Ni ce, Baba."

"Allah ya yi miki albarka. Miƙo min kwanon."

Darasi: Kafin ka kira abin wani tarkace, tambaye shi matsayinsa a zuciyarsa, wataƙila da shi yake rayuwa. Ku tura wa duk wanda ke da tsoho a gida.